Kafin ka yaɓe bangon makewayi, taɓa shi

Ɗan'uwa mai karatu, yau zancen makewayi za mu yi. Na san wani zai yi dariya, ya ce Malam ya rasa abin rubutawa. A nan Ɗan Gulbi ana hira bisa gona, ana hira bisa kasuwa da farashin hatsi, amma wurin wanka ba a kawo shi cikin taro. Kunya ake ji. To, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Sau da yawa bangon makewayi shi ne bangon ɗakin da yaranka ke kwana.

Yadda abin ya same ni

Wata shekara, bayan kaka, na sayar da wake na ce bari in gyara gida. Makewayinmu yana kusurwar gida. Bangonsa ɗaya shi ne bayan ɗakin da tsohuwata ke kwana da jikokinta. Tsohon yaɓe ya fara zuba. Na sayo siminti, na kira magini. Ya kankare tsohon yaɓen duka, bango ya rage tsirara, ana ganin tubali.

Nan kuɗi suka ƙare. Ƙanena da ke cin rani ya yi alkawarin aiko da ciko, aiki bai yi masa kyau ba. Magini ya samu wani aiki ya tafi. Wata biyu bango yana haka. Duk baƙon da ya kewaya sai ya gani. Kunya ta kama ni ƙwarai, har na fara tunanin cin bashi don a rufe shi.

Wata safiya uwargida ta ce mini: "Malam, ka taɓa sa hannu a gindin bangon nan? Ko da rana tsaka sanyi gare shi. Tabarmar Inna ma, gefen da ke jikin bango wari yake yi."

Na je na durƙusa na taɓa. Sanyi kamar jikin randa. Watan Maris ne, an yi wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Na ɗauko ƙusa na danna a gindin bango da ɗan yatsa. Ta shige kamar cikin tuwo. Na danna ta a sama, daidai ƙirjina, ta ƙi shiga.

Ran nan na gode Allah da kuɗin suka ƙare. Da sun isa, da siminti ya rufe ɓarnar, da na yaba wa magini, da tsohuwa da yara suna nan kwance jikin bangon da ba shi da gindi.

Ga ra'ayina tun daga ranar: wanda gyaran gidansa ya tsaya, kada ya yi gaggawar rufe bango don kunya. Lokacin da bango ke tsirara, shi ne lokacin da za ka ga cikinsa. Ka duba laima tukuna. Ka gyara hanyar ruwa. Yaɓe shi ne aikin ƙarshe.

Mu yi lissafi

Wani zai ce: "Ƙasarmu ta rairayi ce, ruwa ma nemansa muke. Ina bango zai samu laima cikin rani?" Ɗauko allonka mu yi lissafi tare.

A ce gida yana da mutum 10. Kowa yana wanka sau ɗaya a yini da lita 10, wato ƙaramin bokiti. Lita 100 ke nan kowace rana. Gangar ƙarfe babba tana cin lita 200. Ke nan kwana biyu, ganga guda. A wata, ganga 15. A shekara, ganga 180 da ɗoriya. Ban sa ruwan alwala da na wankin yara ba.

Yanzu mu dubi ruwan sama. Kana jin rediyo yana faɗin milimita idan an yi ruwa. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A yankin Dakoro, ruwan shekara bai cika kai milimita 500 ba. Mu ɗauki 500 ɗin. Makewayi mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, zai samu lita 2000 daga sama duk damana. Ganga 10 ke nan.

Ka gani? Sama ta ba shi ganga 10, mu mun ba shi ganga 180. Damana wata uku ce ko huɗu, ta wuce. Amma makewayi kullum cikin damana yake, har da watan azumi, har da tsakiyar bazara. Babu wani wuri cikin gida da ke shan ruwa kamarsa.

Yadda ruwa ke cin bango

Ka san fitilar kananzir. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani ne ke jan shi. Bangon ƙasa ma haka yake. Yana da ƴan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ƙasar da ke gindinsa ta jiƙe, sai ya riƙa jan ruwan zuwa sama sannu sannu. Shi ya sa za ka ga gindin bango ya yi duhu har wajen gwiwa, saman kuma yana fes.

Ruwan nan ba shi kaɗai yake hawa ba. Yana ɗauke da gishiri: na cikin ƙasa, da na fitsari, tun da yawancinmu nan muke kama ruwa. Idan rana ta yi, ruwa ya bushe ya tafi, gishiri ya zauna. Shi ne farin garin da kake gani kamar kanwa a jikin bango. Shi ne awaki ke lasa. Gishirin yana kumbura cikin ƙasa, yana wargaza ta. Kullum sai ka ga gari ya zuba, mata su share. Abin da suke sharewa, bangonka ne.

Ƙasar gini idan ta bushe ƙarfi gare ta, tana ɗaukar azara da rufi. Idan ta jiƙe, ta koma laka. Kuma duk nauyin ɗaki bisa gindi yake. Ga gara kuma, ita da ke son wuri mai laima. Daga gindin bango take hawa har ta kai azara.

Siminti ba ya warkar da jiƙaƙƙen bango

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sun ga gindin bango yana zuba, sai su ce a shafa siminti a huta. Siminti abu ne mai kyau, muna ma yin sa a ƙasarmu, a Malbaza. Amma yana da wurinsa da lokacinsa.

Bangon ƙasa yana numfashi. Ya sha laima, ya fitar da ita idan iska ta buga shi. Idan ka rufe shi da siminti yana jiƙe, ka toshe masa ƙofar fita. Ruwan yana nan yana shigowa ta ƙasa, ya rasa mafita, sai ya ƙara hawa sama, ko ya ɓulla ta cikin ɗaki. Daga waje bango sumul, a ciki laka. Kamar wanda ya ɗaure gyambo da ƙyalle mai kyau bai wanke shi ba.

Bayan damana ɗaya ko biyu, siminti ya rabu da ƙasa. Ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka. Ya bi tsagar ya shiga, ba ya fita. Kuɗin siminti sun tafi, bango ya fi da lalacewa.

Abin da muka gani a 2024

Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ruwa ya yi yawa a ƙasar Nijar duka. Hukuma ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu, kuma fiye da rabinsu gini ne ya faɗa musu, ba ruwa ne ya tafi da su ba. Jiharmu ta Maradi tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. A ƙarshen watan Agusta, ruwan yini ɗaya ya rusa gidaje masu yawa a birnin Maradi, an rasa rayuka. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari, ya rushe. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, don mutanen da gidajensu suka faɗi suna zaune cikin azuzuwa.

Ban ce makewayi ne ya kada gidajen nan ba. Ruwan ya fi ƙarfin gini da yawa. Amma ka tuna da unguwarku. Gida biyu suna jere, ruwa ɗaya ya dake su, ɗaya ya faɗi ɗaya ya tsaya. Bangon da gindinsa ya ruɓe tun rani, shi ke fara durƙusawa idan damana ta zo. Ruwan sama ba mu da iko da shi. Ruwan bokiti kuwa, mu ke zuba shi da hannunmu.

Yadda za ka duba

Ba ka bukatar na'ura, ba ka bukatar kuɗi. Ka yi dubawar cikin rani, lokacin da babu ruwan sama da zai ruɗe ka. Ka duba fuska biyu: ta makewayi, da ta cikin ɗaki. Ka janye gado da kwalla da buhunan hatsi, ka ga abin da ke bayansu.

Na ɗaya, ido. Dubi gindin bango. Ya fi sama duhu? Akwai farin gari? Akwai kore ko baƙin tabo? Akwai hanyar gara? Gindin ya rame, ya shige ciki?

Na biyu, hannu. Da hantsi, ka sa tafin hannu a sama, sannan ka sa shi a ƙasa. Idan ƙasa ya fi sanyi sosai, akwai ruwa. Ka murza ƙasar da yatsa. Busasshiya tana zuba kamar gari. Mai laima tana dunƙulewa.

Na uku, hanci. Ka rufe ɗakin na ɗan lokaci, ka fita, ka komo. Idan ka ji warin rima, irin na tsohuwar rijiya ko tufafin da aka ninke ba su bushe ba, akwai laima.

Na huɗu, kunne. Idan an riga an yi siminti, ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa, daga sama zuwa ƙasa. Inda ya kama, ƙarar a cike take. Inda ya rabu da bango, sai ka ji kamar kana buga ƙwarya. Ka zana wurin da gawayi.

Na biyar, ƙusa. Ka danna ta da hannu a wurare dabam dabam. Inda ta shige ba wuya, nan bango ya mutu. Ka yi ta hawa sama har ka kai inda ta ƙi shiga, ka ja layi. Layin nan shi ne iyakar ɓarna.

Na shida, leda. Ka samu leda mai tsabta, busasshiya, kamar kamu ɗaya. Ka shimfiɗa ta jikin bango, ka danne da allo ko katako, ka tokare yadda iska ba za ta shiga ba. Ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ka ɗaga ka ga gumi a fuskar da ke jikin bango, ko wurin ya yi duhu, ruwa daga cikin bango yake fitowa. Wannan bangon bai isa yaɓe ba.

Kai da ka koyi rubutu, ga wurin amfani da shi. Ka rubuta kwanan wata a littafinka, da tsayin layin daga ƙasa. Bayan mako biyu ka sake aunawa. Ta haka za ka san ko laima tana sauka ko tana hawa.

Idan ka ga tsaga, ka sa alamar gawayi a ƙarshenta. Idan ta wuce alamar, bango yana motsi. Idan bango ya yi ciki, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, kada ka jira gobe. Ka fitar da masu kwana daga ɗakin a daren nan. Rumfar zana ta fi ɗakin da ba ka amince da shi ba.

Abin da za ka yi in ka samu laima

Farko, ka raba ruwa da bango. Ka maida wanka wani wuri na ɗan lokaci, ka kewaye da zana, nesa da kowane ɗaki. Wannan ba ya cin ko dala.

Sannan ka bar bango ya sha iska. Ba aikin kwana biyu ba ne. Bango mai kauri yana ɗaukar makonni. Nawa, wata guda na ba shi, iskar bazara na bugunsa, ina gwada shi da leda har ta fito a bushe.

Sai gyaran gindi. Kada ka yarda a ƙwaƙule gindin duka lokaci ɗaya, bango zai zauna. A tokare azara da icce mai ƙarfi. A cire ruɓaɓɓen wuri kaɗan, a cike da dutse ko birgin siminti, a bari ya kama, sannan a matsa gaba.

Sai daɓe. Idan simintinka kaɗan ne, a ƙasa za ka sa shi, ba a fuskar bango ba. A yi daɓen da gangare, ya bar bangon ɗaki ya nufi rariya. Kafin magini ya tafi, ka zuba bokiti guda ka ga inda ruwa ya bi. Idan ya kwanta ko ya koma gindin bango, aiki bai yi ba. Sabon daɓe kuma yana son a riƙa yayyafa masa ruwa kamar mako guda don ya yi ƙwari.

Sai ramin ruwa. Kada rariya ta ƙare a gindin katanga, kada kuma ta zuba a hanya. Ruwan da ke kwance a lungu yana haifar da sauro, yana cin bangon maƙwabci, yana kawo shari'a gaban mai gari. Ka haƙa rami mai zurfin kamar mita 1, taku uku ko huɗu daga bango. Ka cika shi da duwatsu ko fasassun birgi, ka rufe samansa. Ka kai ruwan can da tiyo. Rairayinmu yana shanye ruwa da sauri, nan ya yi mana rana. Amma ramin ya yi nesa da rijiya. Ma'aikatan kiwon lafiya suna cewa salga ta nisanci rijiya da mita 30 ko fiye. Ka bi wannan ma'auni har ga ruwan wanka.

Bayan duk wannan, sai yaɓe. Wanda kuma zai yi sabon gini, shawarata ita ce kada makewayi ya haɗa bango da ɗakin kwana. A bar rata tsakani, ko da ta wucewar mutum ɗaya ce.

Maganganun da nake ji

Wani ya ce mini: "Malam, wannan zancen masu kuɗi ne." A'a. Taɓa bango kyauta ne. Leda tana ko'ina. Rami ƙarfinka ne. Mai kuɗi idan ɗaki ya faɗi ya gina wani. Talaka ne ba shi da na sake gini, shi ya fi bukatar dubawa.

Wani ya ce: "Magini ya fi ni sani." Gaskiya ne ya fi ka sanin gini. Amma shi yini uku zai yi a gidanka, kai ne ke kwana ciki. Kuma sau da yawa mu ne ke matsa masa, mu ce a gama kafin Salla, a gama kafin a kawo amarya. Maginin kirki ba ya jin haushin tambaya. Nawa da ya komo na nuna masa ƙusa, cewa ya yi: "Malam, ai da ka ce in shafa, da na shafa. Amma haka ya fi."

Wani ya ce: "Abin da Allah ya rubuta ba makawa." Haka ne. Amma kai ɗin nan kana ɗaure akuyarka da dare, kana yi wa rumbu sabon jinka kafin damana. Ba ka ce wannan rashin tawakkali ba ne. Ɗakin da mutane ke ciki bai kai rumbu daraja ba?

Wani kuma ba ya cewa komai, kunya ce kawai. Yana so a ce gidan wane ya yi kyau. Ni ma na ji irinta. Amma kunyar bango tsirara ta wata ɗaya ce. Wanda ɗaki ya faɗa wa iyalinsa, abin da zai ji ba ya ƙarewa.

Ke ma, ƴar'uwa mai karatu, da ke nake. Ke ce ke shara, ke ce ke ɗaga tabarma, ke ce ke fara jin wari. Idan kin ga gari na zuba a gindin bango, ki faɗa wa maigida, ki sake faɗa. Kai kuma maigida, kafin ka kira magini, ka tambayi matan gida. A gidana mace ce ta fara gani, ni da ke koyar da karatu ban gani ba.

Yanzu idan ka rufe littafin nan ka koma gida, ka nemi ƙusa guda. Ka kewaya, ka durƙusa, ka taɓa gindin bango. Gobe ka zo aji ka faɗa mana abin da ka samu.

Tambayoyi

1. Me ya sa bangon makewayi ke jiƙewa ko cikin rani?

2. Me ke faruwa idan an shafa siminti bisa bango mai laima?

3. Faɗi hanyoyi uku na duba laima a bango.

4. Gida yana da mutum 8. Kowa yana wanka da lita 10 a yini. Lita nawa ke zuba a makewayi cikin kwana 30? Ganga nawa ke nan, idan ganga tana cin lita 200?

5. A gidanku, ina ruwan wanka ke zuwa? Rubuta amsa cikin layi uku.